Ƙurajen da Suka Bi Shatin Riga: Makonni Biyar na Wata Yarinya da "Kwarkwatar Teku" a Fulorida

Asalin lamarin

Yarinyar shekararta 11. Tana zaune da iyayenta da ƙanenta mai shekara 7 a gundumar Palm Beach, a kudu maso gabashin jihar Fulorida ta Amurka, inda aiki ya kai mahaifinta. Hausawa ne, kuma wannan ce bazararsu ta farko a garin. Lafiyarta lau kafin lamarin: ba ta da asma, ba ta da borin jini, babu wani abinci ko magani da aka san jikinta ba ya so, kuma an yi mata duk alluran rigakafin da makaranta ta nema, har da ta ƙarambau. Ta koyi ninƙaya a kwamin wanka na rukunin gidajensu, amma ba ta taɓa daɗewa a cikin ruwan teku ba.

Kayan wankanta suna da muhimmanci a wannan labari, don haka ga yadda suke: riga mai dogon hannu da ta sauko har gwiwa, mai ɗan walawa, da dogon wando mai kama jiki, da hula mai rufe kai da wuya. Irin kayan da iyaye Musulmi ke saya wa 'ya'yansu mata ne don su shiga ruwa cikin sutura. Ƙanen nata kuwa gajeren wando kawai yake sawa.

Wurin da lokacin ma suna da nasu hannun. Akwai wata babbar igiyar ruwan ɗumi da ake kira Gulf Stream, wadda ke bi ta gefen Fulorida ta nufi arewa, kuma a daidai gundumar Palm Beach da arewacin gundumar Broward ne ta fi matsowa kusa da gaɓa. Duk abin da ta ɗauko daga tekun Karebiyan, idan iska ta kaɗo daga gabas, bakin waɗannan gaɓoɓi yake ƙarewa. Daga Maris zuwa Agusta, musamman a Mayu da Yuni, cikin abin da take ɗaukowa akwai 'ya'yan wata ƙaramar halittar teku mai harbi. Iyalin ba su san da wannan ba.

Mahaifiyar ce ta riƙa rubuta zafin jikin yarinyar da magungunan da aka ba ta a wayarta, daga nan aka samo ranaku da awon da ke ƙasa.

Rana ta 1, Asabar: bakin teku

Asabar ce kafin Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, wadda hutu ce a Amurka, don haka bakin tekun Delray Beach, wani gari a gundumarsu, cike yake. Sun isa wajen ƙarfe 10 na safe. A rumfar masu ceto akwai tuta biyu, rawaya da mai launin shunayya. Mahaifin ya san rawaya tana nufin a yi hattara da igiyar ruwa. Ɗayar bai san ma'anarta ba, kuma da ya ga mutane cike da ruwa bai tambaya ba. A tsarin tutocin bakin teku na Fulorida, shunayya gargaɗi ne cewa akwai halittu masu harbi a ruwan.

Yarinyar ta yi kusan awa biyu da rabi a ciki, galibi a inda igiyar ruwa ke fashewa, tana kwanciya a kan allon roba igiya na turo ta gaɓa. Ƙanenta yana shiga yana fita, ya fi zama a yashi. Mahaifin ya shiga zuwa ƙugu na ɗan lokaci, mahaifiyar kuwa ƙafa kawai ta jiƙa.

Tun tana cikin ruwa yarinyar ta ce, "Umma, kamar wani abu na tsira ni a cikin riga." Aka ce yashi ne. Da suka fito wajen 12 da rabi, ta tsaya ƙarƙashin shawar da ke bakin hanya ta ɗauraye jiki da ruwan famfo, da kayanta a jiki, don shawar a fili take kuma ba ta da inda za ta cire. Ta goge da tawul ta saman rigar, ta zura abaya a kai, suka shiga mota. Sun tsaya sayen abinci a hanya. Daga fitowarta ruwa zuwa lokacin da ta cire kayan a gida, an yi kusan awa ɗaya da rabi, mafi yawansa tana zaune a kan jiƙaƙƙen wando da bel ɗin mota a ƙirjinta.

Bayan magariba ƙaiƙayi ya fara. Zuwa ƙarfe 11 na dare ta kasa barci. Yadda ta kwatanta wa mahaifiyarta, kamar an zuba mata ƙaiƙayin gero a cikin riga. Ƙanen nata ya ɗan sosa ƙugu ya yi barcinsa.

Rana ta 2 da ta 3: maganin gida

Da safiyar Lahadi ƙuraje sun fito. Ƙanana ne, masu tauri, kowanne bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba, wasu sun haɗe sun zama faci. A fatarta ba su yi ja irin na hotunan da ake gani a intanet ba. Sun fi fatar duhu ne kawai, sai an haska fitila ake ganin ɗan jan da ke gefensu, kuma an fi jin su da hannu fiye da gani. Sun fi yawa a ƙugu inda robar wando ta kama, da ƙarƙashin hammata, da ƙirji, da mazaunai, da bayan cinya, da kewayen wuya inda hula ta haɗu da riga. Fuskarta, da tafin hannu, da ƙafa daga idon sawu zuwa ƙasa, babu ko ɗaya. Ƙanenta yana da kamar goma sha biyu a layin robar wandonsa. Iyayen ba su da komai.

Da yamma jikinta ya yi zafi, awo ya nuna 38.4 a ma'aunin Selsiyus. Tana jin sanyi, da ciwon kai, da tashin zuciya, ta ƙi cin abinci.

Zato na farko shi ne ƙurajen zafi, aka barbaɗa hoda. Babu canji. Kakar yarinyar ta wajen uwa, da aka kira ta a waya, ta ce a duba ko ƙarambau ne, in kuma ba shi ba ne a duba katifa ko kuɗin cizo. Aka ɗaga katifa ba a ga komai ba. Ta ce a yi mata wanka da ruwan zafi da Dettol, a shafa man kaɗanya. Aka yi. Ruwan zafin ya ba ta sauƙi na mintuna kaɗan, daga nan ƙaiƙayin ya dawo fiye da dā, kuma wuraren da ta riga ta sosa suka riƙa raɗaɗi. Man kaɗanya ya rage bushewar fata, bai taɓa ƙaiƙayin ba. Cikin dare mahaifiyar ta gwada man zafi a bayanta, yarinyar ta yi kuka, aka wanke.

Ranar Litinin wata maƙwabciya da ta daɗe a garin ta ga wuyan yarinyar, ta tambaya ko sun je teku. Da aka ce e, ta ce ai wannan shi ne abin da mutanen wurin ke kira kwarkwatar teku, kowace shekara ana yi, zai wuce. Ba ta yi wani ƙarin bayani ba. Mahaifin ya ji kalmar kwarkwata, ya tafi kemis ya sayo maganin kwarkwatar kai mai sinadarin fametirin. Aka wanke mata kai da shi, aka shafa a wuya da kafaɗa, aka cire zannuwan gado duka aka wanke, aka raba yaran ɗaki don kada ta shafa wa ƙanenta. Da yamma kuma mahaifiyar ta karanta cewa ruwan khal yana maganin harbin halittun teku, ta jiƙa auduga ta goga a ƙugun yarinyar. Raɗaɗi kawai ya ƙaru.

A daren Litinin zafin jiki 38.1 ne, an ba ta farasitamol sau biyu a yinin. Barcinta a dare uku bai kai awa huɗu-huɗu ba. Asibitin yaran da suke zuwa yana rufe saboda hutu. Kayan wankan kuwa tun ranar Asabar mahaifiyar ta ɗauraye su da ruwan famfo ta shanya a banɗaki, da suka bushe ta ninke ta sa a durowa. Ba su shiga cikin wankin zannuwan ba.

Rana ta 4, Talata: gaban likita

Likitar ba ta ɗauki jini ba, ba ta kankari fata ba. Ta sa aka cire wa yarinyar riga, ta bi ƙurajen da ido, ta tambayi abu uku: yaushe ta shiga teku, me ta sa, kuma yaushe ta cire. Da mahaifiyar ta nuna hoton kayan wankan a waya, likitar ta nuna mata yadda ƙurajen suka tsaya daidai inda yadi ya tsaya, a wuyan hannu da idon sawu.

Da wannan shati ta kawar da sauran zato ɗaya bayan ɗaya. Ƙarambau yana yin ƙuraje masu ruwa, yana kama fuska da fatar kai, kuma an yi mata rigakafi. Ƙazwa tana son tsakanin yatsu da wuyan hannu, kuma ba ta cika jiki a dare ɗaya. Kuɗin cizo yana cizon inda babu sutura. Akwai kuma wani ƙaiƙayin masu iyo da ake samu galibi a tafki, wanda tsutsar da ke fitowa daga dodon koɗi ke haddasawa, dangin wadda ke kawo tsargiya, amma shi a fatar da ke buɗe yake fitowa. Ƙurajen da ke ɓuya ƙarƙashin kayan wanka bayan shiga tekun Fulorida a watan Mayu, abu ɗaya suke nunawa.

Bayanin da ta yi musu, da wanda suka ƙara karantawa daga baya, shi ne kamar haka. Babu wata kwarkwata. Kwarkwatar teku ta gaskiya ƙwari ne masu maƙalewa a jikin kifi, ba ruwansu da mutum. Abin da ya harbi yarinyar 'ya'yan wata ƙaramar jelifish ce, halittar nan mai laushi da ke yawo a ruwa, wadda masana ke kira Linuche unguiculata. Babbarta ba ta wuce kan yatsa ba, launinta ƙasa-ƙasa. 'Ya'yanta kuwa kamar rabin milimita ne, a cikin ruwa ido ba ya ganin su, kuma suna yawo ne kusa da saman ruwa, daidai inda mai iyo yake. Ruwa yana shiga ta cikin yadi ya fita, su kuma su maƙale a ciki, yadin ya zama matata.

Kowace ɗaya tana ɗauke da ƙananan jakunkunan dafi masu yawa, kowanne da tsinke a naɗe a ciki. Ba da nufi suke harbi ba, abu uku ne ke tayar da tsinken: matsi ko gogayya, bushewa, da kuma ruwan da ba na gishiri ba. Kwanciya a kan allon roba matsi ne. Shawa da kaya a jiki ruwan famfo ne. Goge jiki da tawul ta saman riga gogayya ce. Zama a mota har kayan su fara bushewa ya haɗa matsi da bushewa. Ƙurajen da ke biyo baya, galibi cikin awa 24, ba dafin kaɗai ne ke yin su ba, har da martanin garkuwar jiki, shi ya sa mutum biyu za su shiga ruwa ɗaya, ɗaya ya kwana yana susa ɗaya ya fita lafiya, kuma shi ya sa wanda ya taɓa yi yakan fi shan wuya a karo na biyu. Zazzaɓi da tashin zuciya sun fi zuwa wa yara. Ba a ɗaukar sa daga mutum zuwa mutum, don haka raba ɗakin da aka yi ba shi da amfani.

Ciwon ba sabo ba ne. Wani likitan fata na Miami mai suna Wiley Sams ya bayyana shi a rubuce tun 1949, amma sai a farkon shekarun 1990 masu bincike a Jami'ar Miami suka danganta shi da wannan jelifish ɗin. A can arewa, a gaɓar Long Island ta jihar New York, an gano wata halittar daban, Edwardsiella lineata, tana haddasa irin ƙurajen. Ana samun ciwon a Bahamas, da Kuba, da Belize, da gaɓar Meziko ta wajen Cancún da Cozumel, inda masu jin Sifaniyanci ke ce masa pica-pica. Mutanen Bahamas suna da tsohuwar magana cewa kada a shiga teku tsakanin ranar iyaye mata da ranar iyaye maza, wato daga Lahadi ta biyu a Mayu zuwa Lahadi ta uku a Yuni. Sun riga masu bincike sanin lokacin.

Magungunan da aka rubuta: setirizin milligiram 10 sau ɗaya a rana don rage ƙaiƙayi, man tiriyamsinolon mai rage kumburi, kashi 0.1 cikin ɗari, a shafa siriri sau biyu a rana na kwana bakwai a jiki, ban da fuska da hammata da matsematsi. Man haidirokotizon kashi 1 cikin ɗari a waɗannan wurare masu laushin fata. Ruwan kalamin da rana idan ƙaiƙayi ya taso. Tawul mai sanyi na minti 10 zuwa 15. Farasitamol idan akwai zazzaɓi, ban da asfirin saboda yarinya ce. A yanke farce, a sa tufafin auduga masu walawa, a yi wanka da ruwa mai ɗan sanyi. A daina Dettol, da ruwan khal, da maganin kwarkwata. An ce su dawo idan zazzaɓi ya wuce kwana biyu, ko numfashi ya yi wuya, ko fuska ta kumbura, ko ƙurajen suka fara mugunya.

An kuma ce a wanke kayan wankan. Mahaifiyar ta ce an riga an wanke. Maganar ta tsaya nan.

Rana ta 5 zuwa ta 14: sauƙi

Zazzaɓi ya sauka a rana ta 5 bai sake dawowa ba. A daren ranar ta yi barcin awa bakwai. Zuwa rana ta 8 ƙurajen sun kwanta, ƙaiƙayin ya koma na lokaci-lokaci, galibi da dare ko in ta yi zufa. An daina man tiriyamsinolon a rana ta 11, setirizin a rana ta 12. Na ƙanenta sun ɓace tun rana ta 6 da kalamin kaɗai. Abin da ya rage mata tabo ne baƙi-baƙi a ƙugu da bayan cinya.

Rana ta 15 zuwa ta 21: ƙuraje sun dawo

Asabar ta biyu bayan wancan zuwa teku, yarinyar ta roƙi a bar ta ta shiga kwamin wanka na gidansu. Teku dai an hana. Mahaifin ya ce ruwan kwami yana da kulorin, sinadarin tsabtace ruwa, babu abin da zai same ta. Ta ɗauko kayanta daga durowa ta sa, ta yi kamar minti 40 a ruwa, ta fito ta canza a gida cikin minti goma.

Kafin isha'i ƙaiƙayi ya dawo. Washegari akwai sababbin ƙuraje a layin ƙugu, da hammata, da inda ɗinkin kafaɗa yake. Ba su kai na farko yawa ba, kamar kashi ɗaya cikin uku, kuma babu zazzaɓi, amma sun fito da sauri kuma sun fi kumbura. Ƙanenta da ya shiga ruwan tare da ita, da sabon wando, ba abin da ya same shi.

Iyayen suka ɗora laifin a kan kulorin. Mahaifin har ya fara tunanin ko yarinyar ta zama mai ƙin ruwan wanka ne gaba ɗaya. "Abban su, ni dai ina ganin a koma asibiti," in ji mahaifiyar, shi kuma ya ce tun da akwai sauran magani a gida a fara da shi. Suka koma kan ragowar man da setirizin. Ƙaiƙayin ya ragu amma tana sosawa cikin barci. A rana ta 18, Talata, wani faci a ƙugunta na dama mai faɗin santimita 3 ya fara tsatsar ruwa, ya yi ɓawo rawaya-rawaya, yana zafi in an taɓa.

A wannan karon likitar ta tambayi dalla-dalla yadda aka wanke kayan. Da ta ji ɗaurayewa ce da ruwan famfo da shanya a inuwa, ta ce ga dalilin nan. 'Ya'yan jelifish ɗin sun mutu tuni, amma jakunkunan dafin da ba su fashe ba suna iya zama a cikin saƙar yadi, musamman a ɗinki da ninkin roba, su yi harbi idan aka sake jiƙa kayan aka matsa su a fata, ko da bayan makonni ne. Jikin yarinyar kuma ya riga ya san dafin, don haka martaninsa ya zo da wuri.

Facin da ya yi ɓawo kuwa ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta inda farce ya yaga fata. Aka rubuta man mufirosin mai kashe ƙwayoyin cuta sau uku a rana na kwana biyar a wurin kaɗai, aka ce kada man tiriyamsinolon ya taɓa shi. Sauran jiki aka ci gaba da tsarin farko na kwana biyar. Game da kayan, zaɓi biyu aka ba su: a wanke a inji da ruwan zafi da omo, a busar a injin busar da kaya mai zafi, ko a jefar. Rigar tana da shafi biyu a ƙirji da ninki mai yawa, mahaifiyar ta jefar da su duka. Tawul ɗin da abayar da ta sa a mota aka yi musu wankin zafi.

Mako na 4 zuwa wata na 4

Facin ya bushe a rana ta 23. Zuwa ƙarshen mako na 5 babu ƙurji ko ɗaya, babu ƙaiƙayi. A mako na 6 ta shiga kwamin wankan da sababbin kaya, ba abin da ya faru, wannan ya wanke kulorin daga zargi.

Tabon ne ya daɗe. A baƙar fata duk inda aka yi kumburi yakan bar duhu bayan ya warke, kuma inda aka fi sosawa ya fi duhu. Na wuya da hammata sun dushe cikin wata biyu, na ƙugu har wata na 4 ana ganin alamarsu. Wata ƙawar mahaifiyar ta kawo shawarar man bilicin, aka ƙi. Man shafawa na yau da kullum kawai aka ci gaba da shi.

Oktoba: komawa teku

Shawarar da ake bai wa masu iyo a Fulorida a lokacin wannan halitta ita ce a rage yadi a jiki: kada a sa riga a shiga ruwa, mata su sa kayan wanka masu ƙarancin rufi. Wannan ba mai yiwuwa ba ne ga wannan iyali, don haka suka nemi abin da zai yiwu. Sun daina shiga teku daga Afrilu zuwa Yuli. Suna duba tuta da allon masu ceto, su kuma tambaye su baki da baki kafin kowa ya jiƙa ƙafa. Sabon kayan yarinyar mai kama jiki ne, mai santsi da matsattsiyar saƙa, shafi ɗaya, babu ninki, sai ta ɗora zani idan ta fito. Sun sayi ƙaramar rumfar canza kaya mai naɗewa. Da ta fito ruwa sai ta shiga rumfar ta cire kayan tukuna, sannan ta ɗauraye jiki, ta sa busassun tufafi, jiƙaƙƙun su shiga leda su wuce injin wanki kai tsaye.

A Oktoba ta yi awa ɗaya a teku, babu ƙuraje. Ta sake shiga a Disamba, haka nan.

Hukunci

Zuwan Oktoba da Disamba ba su tabbatar da cewa sabon tsarin yana aiki ba, domin a waɗannan watanni da wuya a haɗu da 'ya'yan jelifish ɗin ko da ba a yi komai ba. Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin kwanakin farko ne. Mutum huɗu sun je ruwa ɗaya a rana ɗaya, ƙurajen kowa suka zo daidai da yawan yadin da ke jikinsa da daɗewarsa a ciki. Sannan rana ta 15 ta nuna cewa kayan kaɗai, ba tare da teku ba, sun isa su tayar da ciwon. Wani bincike da aka yi a kan masu iyo a gundumar Palm Beach a 1993 ya zo daidai da wannan: kusan mutum 1 cikin 6 ya yi ƙurajen, yara 'yan ƙasa da shekara 16 da masu hawan igiyar ruwa da waɗanda suka taɓa yi sun fi kamuwa, kuma waɗanda suka cire kaya kafin yin shawa sun fi tsira.

A ganina ɓarnar da ta fi girma an yi ta ne a awa ɗaya da rabin da ke tsakanin fitowa ruwa da cire kaya, kuma kowane mataki a cikinta abu ne da uwa mai tsafta za ta yi: a ɗauraye gishiri, a goge, a rufe jiki. Ba a iya ganin laifin kowa a nan. Tutar shunayya ce kaɗai abin da tambaya ɗaya za ta warware.

Magungunan gida kashi uku ne. Hoda da man kaɗanya ba su yi amfani ba, ba su kuma cutar ba. Ruwan zafi, Dettol, man zafi da maganin kwarkwata sun ƙara wa fatar da ta riga ta kumbura wahala, na ƙarshen kuma sunan ciwon ne ya jawo shi. Ruwan khal yana da gurbi a wasu nau'o'in harbin jelifish, a bakin teku, don hana jakunkunan da ba su fashe ba fashewa, amma bayan kwana biyu babu abin da zai hana, sai raɗaɗi. Maganin likita ma bai kashe komai ba, don babu mai rai a fatar. Ya rage kumburi da ƙaiƙayi ne har yarinyar ta samu barci ta daina yaga fata, ciwon kuwa da kansa yake wucewa cikin mako ɗaya zuwa biyu.

Makonni ukun da suka ƙaru a kai, da ciwon da ya yi ɓawo, da tabon ƙugu, duk daga kalmar "an wanke" suka fito. Mahaifiyar gaskiya ta faɗa bisa abin da ta sani, likitar kuma ba ta bi bayan maganar ba a zuwan farko. Da an tambaya da wane ruwa, da omo ko babu, a inji ko a hannu, da lamarin ya ƙare a rana ta 14. Jinkirin kwana uku kafin komawa asibiti a karo na biyu shi ma ya taimaka wa ƙwayoyin cuta, ko da yake magungunan da suka koma kai ba kuskure ba ne.

Abin da ya rage a buɗe shi ne bazara mai zuwa. Yarinyar yanzu tana cikin waɗanda suka taɓa yi, kuma sutura mai rufe jiki za ta ci gaba da tara mata abin da gajeren wandon ƙanenta ba ya tarawa. Iyayen sun yanke cewa daga Afrilu zuwa Yuli kwamin wanka kawai za ta shiga.